Ba korona ce ta talauta ƙungiyoyin ƙwallo ba, asirinsu ta tona

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in amayar da wani abu da ya daɗe yana damuna. Kusan duk lokacin da aka kawo labarin wata ƙungiyar ƙwallo da bashi ya yi wa katutu, ko ta rabu da gwarzon ɗan wasanta, ko ta ƙara kuɗin tikiti, sai a rufe zancen da cewa annobar korona ce ta jawo. Shugabannin ƙungiyoyin ne suka fara faɗin haka, 'yan jarida suka ɗauka, mu kuma masu karatu muka haɗiye. Na daɗe ina bibiyar lamarin, kuma zuciyata ta ƙi amincewa da wannan uzuri.

Ba ina raina annobar ba ne. Ta ci rayuka masu ɗimbin yawa, kuma filayen wasa na daga cikin wuraren da aka fara zargi da yaɗa ta. Ranar 19 ga Fabrairun 2020 magoya bayan ƙungiyar Atalanta ta Italiya wajen dubu 40 suka yi ɗango daga Bergamo zuwa filin San Siro da ke Milan domin karawa da Valencia, bayan 'yan makonni kuma Bergamo ta zama garin makoki. Ranar 11 ga Maris, wato ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya, Anfield, filin Liverpool, cike yake maƙil, har da baƙi kusan dubu uku daga Madrid, birnin da cutar ta riga ta kama. A daren nan ne kuma aka dakatar da gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka bayan an samu ɗan wasa Rudy Gobert ɗauke da cutar. Rufe filaye ya zama dole, kuma ban ga laifin wanda ya rufe ba.

Abin da ya biyo baya ne ya buɗe mini ido. Jamus ce ta fara komawa fili cikin manyan gasannin Turai, ranar 16 ga Mayu, kuma na kalli wasan Borussia Dortmund da Schalke ta talabijin. Filin da ke ɗaukar mutum fiye da dubu 80 ya zama kufai. Kana jin ƙarar ƙwallo in an buga, kana jin muryar koci tana amsa kuwwa. Dortmund ta ci huɗu babu ko ɗaya, sannan 'yan wasanta suka je gaban wurin da magoya baya suka saba tsayawa suka ɗaga hannu ga kujeru. Jamusawa sun kira irin wannan wasannin fatalwa, kuma sunan ya dace. Na gama kallo jikina a sanyaye, ga ƙwallaye huɗu amma babu armashi.

Me ya sa aka yi gaggawar komawa alhali babu mai shiga kallo? Amsar tana cikin littafin lissafi. Babbar ƙungiya tana da hanyoyin samun kuɗi uku: na ranar wasa, na tallace-tallace da masu ɗaukar nauyi, sai na haska wasanni. A gasar Firimiya ta Ingila, kuɗin talabijin ya fi rabin abin da ke shigowa, na tikiti kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan ba a ƙarasa kakar ba, dole a mayar wa kamfanonin talabijin kuɗinsu. Ko da aka ƙarasa ɗin ma daga 17 ga Yuni, sai da ƙungiyoyin suka amince su mayar da kusan fam miliyan 330, saboda abin da aka kai wa kamfanonin ba shi ne abin da suka saya ba.

A nan nake so mu tsaya, Malam Edita, domin a nan ne gaskiyar ta fito. Shekara da shekaru ana nuna wa mai zuwa fili cewa ba shi ne mai muhimmanci ba. A canza masa ranar wasa saboda jadawalin talabijin, a mayar masa da wasa dare alhali tafiya mai nisa ke gabansa, a ƙara masa kuɗi kowace kaka. Da ya ɓace sai ga shi ana neman mai maye gurbinsa ido rufe. A Mönchengladbach ta Jamus an jera hotunan mutane na kwali a kan kujeru. A Sifaniya an zana 'yan kallon bogi da kwamfuta a kan allo. Tashoshi sun ɗauko ihun magoya baya da aka naɗa domin wasan kwamfuta na EA Sports suna kunnawa, wani ma'aikaci na zaune yana danna maɓalli in an zura ƙwallo. Ashe abin da talabijin ke sayarwa ba mutum 22 ne kawai masu bin ƙwallo ba. Waƙa da ihu da fargabar da ke fuskokin mutane suna cikin hajar, kuma masu samar da su biya suke yi kafin su shiga, ba biyan su ake yi ba.

Har sakamakon wasa ya shaida haka. A kakar 2020 zuwa 2021, nasarorin da baƙi suka samu a gasar Firimiya sun zarce na masu masaukin baƙi, abin da ba a taɓa gani ba. Liverpool, wadda ta yi wasan lig 68 a jere ba a doke ta a Anfield ba, ta sha kashi sau shida a jere a gida. Na san akwai raunin da masu tsaron bayanta suka ji, amma wanda ya taɓa jin yadda filin nan ke ruri ya san abin da aka rasa.

Duk da wannan darasi, me aka saka wa magoya baya da shi? A watan Oktoban 2020 aka ce wasu wasannin Firimiya sai mutum ya biya fam 14.95 kan kowane ɗaya, bayan kuɗin wata-wata da yake biyan tashoshi, kuma a lokacin da mutane da yawa suka rasa aiki. Magoya baya suka ƙi. Da yawansu suka kai kuɗin cibiyoyin tallafa wa mabuƙata, cikin 'yan makonni aka janye tsarin.

Yanzu ga zancen bashi. A watan Agustan 2021 shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya bayyana cewa ana bin ƙungiyar bashin yuro biliyan 1.35, a watan da Lionel Messi ya yi bankwana da ƙungiyar yana hawaye. Gaskiya ne rufe filinta na Camp Nou da gidan tarihinta da shagunanta ya yi mata illa babba. Amma korona ce ta sa aka kashe sama da yuro miliyan 100 kan kowane ɗaya cikin Dembélé da Coutinho da Griezmann bayan sayar da Neymar kan miliyan 222 a 2017? Korona ce ta sa hannu kan albashin da ke cinye kusan duk abin da ke shigowa? An gina gida ne bisa zaton cewa kuɗin baɗi zai fi na bana har abada. Da shekara ɗaya ta zo da akasi, sai ginin ya tsage. Maganin da aka samo daga baya shi ne sayar da gobe: a 2022 ƙungiyar ta sayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin ɗinta na La Liga na tsawon shekara 25.

Labarin Faransa ya fi ban takaici. Ita ce ta soke kakarta tun watan Afrilun 2020, ta ba PSG kofi, ta yi asarar ragowar kuɗin talabijin, har hukumar lig ta ci bashin sama da yuro miliyan 200 da lamunin gwamnati. Hankalin ƙungiyoyin a kwance yake domin sabuwar yarjejeniya da kamfanin Mediapro, wadda aka ƙulla tun 2018 kan kusan yuro miliyan 800 a shekara, za ta fara aiki. Sun riga sun tsara kasafinsu a kanta. Kamfanin ya daina biya a watan Oktoba, yarjejeniyar ta rushe a Disamba, tasharsa ta Téléfoot ta rufe a Fabrairun 2021. Da aka sake sayar da yawancin wasannin ga Amazon, abin da aka samu bai kai kashi ɗaya cikin uku na farashin farko ba. Wa ya hana a nemi tabbacin banki mai ƙarfi tun ranar da aka sa hannu? Italiya ta rabu da wannan kamfani a 2018 kan batun tabbacin kuɗi. Faransa ta ga adadi mai tsoka ta rufe ido.

Sai a kwatanta da masu shirya gasar tanis ta Wimbledon. Tun bayan ɓullar cutar SARS suka riƙa biyan inshorar annoba kowace shekara. Da aka soke gasar 2020, karo na farko tun Yaƙin Duniya na Biyu, an biya su diyyar da ta haura fam miliyan 100. Ke nan hatsarin ba abin da hankali ba zai iya hangowa ba ne.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne waɗanda suka ɗauki nauyin asarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan kowane wasa akwai masu gadin ƙofa, da masu shara, da masu gyaran ciyawa, da masu sayar da tikiti, da direbobi, da yawa daga cikinsu aikin rana ɗaya suke yi a biya su. Su aka fara mantawa. A watan Afrilun 2020 Liverpool da Tottenham sun nemi gwamnati ta riƙa biyan wani kaso na albashin ƙananan ma'aikatansu daga kuɗin haraji, sai da magoya bayansu suka yi ca a kansu sannan suka janye. Arsenal ta sanar da sallamar ma'aikata 55 a watan Agusta, bayan wata biyu kuma ta biya kusan fam miliyan 45 ta ɗauko Thomas Partey. Ban ce kada a sayi ɗan wasa ba. Amma albashin mutum 55 ɗin nan nawa ne idan aka ajiye shi kusa da wancan adadi?

Ƙananan ƙungiyoyi kuwa, waɗanda ba su da kuɗin talabijin na a zo a gani, tikiti ne numfashinsu. Su ne za su iya cewa annoba ta shaƙe su a yarda, ko da yake a cikinsu ma akwai masu tsohon ciwo, domin a rukuni na biyu na Ingila albashi ya riga ya zarce kuɗin shiga tun kafin 2020. An rushe ƙaramar ƙungiyar Macclesfield Town ta Ingila a kotu a watan Satumban 2020. Tallafin fam miliyan 250 daga manyan ƙungiyoyin Firimiya bai iso ba sai Disamba, kuma miliyan 200 daga ciki rance ne. Ƙwallon mata ma haka ta gani: an dawo da gasar maza a Ingila da gwaje-gwaje masu tsada, ta mata kuwa aka rufe ta a watan Mayu, aka raba matsayi da lissafi.

Sai kuma ranar 18 ga Afrilun 2021, lokacin da ƙungiyoyi 12 daga Ingila da Sifaniya da Italiya suka sanar da gasar Super League, inda su masu kafawa ba za su taɓa faɗuwa ba, da alƙawarin kuɗi daga bankin JP Morgan. A sanarwar tasu sun kafa hujja da annoba, shugaban Real Madrid, Florentino Pérez, kuma ya ce ceto ƙwallon ƙafa suke son yi. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, domin shekaru aka yi ana kitsa wannan shiri. Sun zaɓi lokacin da filaye ke rufe, babu inda za a yi musu ihu. Mutanen da aka hana shiga sai suka taru a waje, a gaban Stamford Bridge, filin Chelsea, suka tare motar 'yan wasa, cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. Waɗanda aka ɗauka 'yan ado ne su suka rusa shirin biliyoyi.

Wani zai ce kasuwanci ne, kuma kowace sana'a ta ji jiki a 2020. Na yarda. Sai dai ƙungiyar ƙwallo ba kamar sauran kamfanoni ba ce. Idan kamfani ya rufe, mai saye ya koma wani. Wanda ya gaji ƙungiya daga mahaifinsa ba shi da inda zai koma. Saboda haka mai riƙe da ita amana yake riƙe da ita, kuma ya kamata a tambaye shi yadda ya yi da amanar. A Jamus dokar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi tana nan, kuma ina ganin ba banza ba ne aka rasa ƙungiyar Jamus ko ɗaya cikin 12 ɗin nan.

Roƙona gare ku, ranku ya daɗe, shi ne shafin wasanni ya riƙa leƙa littafin kuɗi kamar yadda yake leƙa teburin gasa. Da yawan manyan ƙungiyoyin nan suna fitar da rahoton kuɗinsu kowace shekara, kuma ba ɓoyayye ba ne. A faɗa mana kashi nawa na kuɗin shiga ke tafiya a albashi, nawa ne bashi, wa ke bin su, kuma kuɗin talabijin na shekara nawa aka riga aka jinginar. Idan shugaban ƙungiya ya sake cewa korona ce, wakilinku ya tambaye shi yadda lissafin yake a watan Fabrairun 2020, kafin a rufe ƙofa ko ɗaya. Ya kuma tambaye shi ko ma'aikatan da aka sallama an mayar da su bakin aiki bayan filaye sun sake cika.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Wassalam,
Naku, mai bibiyar shafin wasanni