Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohon Siton Gyaɗa na Bakin Tasha

Assalamu alaikum. Tun bayan Babbar Sallah ake tare mu a masallaci da kasuwa ana tambayar inda kuɗin sito suka shiga. Masu tambaya suna da haƙƙi, ga bayani.

Abin da ya shigo hannun ma'aji naira miliyan 5 da dubu 300 ne. Share wuri, ɗinke tsagar bangon gabas da yaɓe sun ci miliyan 1 da dubu 100, ciki har da siminti buhu 38 da yashi tifa biyu. Wannan babu mai jayayya a kansa.

Masu cewa da an rushe an yi shaguna, mun amsa musu tun a zaman farko, amma bari mu maimaita saboda yara. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Auduga Turawa suka sa rai jirgin zai riƙa kwasa, manoman ƙasar Kano suka zaɓi gyaɗa. Da aka miƙa layin ta Ringim da Malam Madori zuwa Nguru a 1930, sai awo ya zo mana har gida, aka huta da kora jakuna zuwa birni. Wannan siton na zamanin ne, shi ya sa dakalinsa ya yi tsayi daidai da bakin tarago. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 ne suka kashe kasuwar. Da sito da tasha ne tushen unguwar nan gaba ɗayanta.

Rigimar tana kan rufi, domin sau biyu muka yi shi. Ginin ƙafa 60 ne da 25. Rufin farko, kwano mara kauri bandir 8 da katako da ladan kafinta, ya ci miliyan 1 da dubu 200, kuma iskar hadarin farko ta yaye shi cikin dare ɗaya. An tsinto wani fallen a gonar da ke hayin layi, a naɗe kamar tabarma.

Laifin namu ne, ba na kafinta ba. Magina na farko sun binne ƙarafa a kan bango da ke riƙe katako, muka ga sun yi tsatsa muka sa aka yanke, aka ɗaure katakon da waya kawai. Sannan manyan ƙofofin nan biyu ba su da murfi. Iska ta shiga ta ƙofar gabas, ba ta sami hanyar da ta ishe ta fita ba, ta ɗaga rufin daga ciki. Kwano mara kauri kuwa yagewa yake a bakin ƙusa.

Shi ya sa na biyu ya kai miliyan 2 da dubu 700. An zuba lintal ya zagaye bangon duka, da rodi mai milimita 12. An binne langalanga a cikinsa duk bayan ƙafa huɗu, aka naɗe ta a jikin katako. Katakon an jiƙa shi da maganin gara da baƙin mai, ya kwana uku kafin a ɗora. Kwanon mai kauri ne, kuɗin bandir ɗaya ya kusa ninka na farko, kuma a nan aka fi zarginmu da almubazzaranci. To, arha muka bi da farko, kowa ya ga inda ta kai mu. An buga ƙusa mai hula a tudun kwano, ba a kwarinsa ba, don kada ya yi yoyo. Damina ta wuce, ɗigo ɗaya bai sauka ba. Saura dubu 300 a asusu, rasitai kuma suna wurin ma'aji ga duk mai son gani.

Godiya ta musamman ga magadan mai siton da suka ba da shi wakafi ga gari, da Alhajin da ya sayi bandir 5 shi kaɗai ya hana a faɗi sunansa, Allah ya saka masa da gidan Aljanna. Haka Mai Girma Dagaci, da 'yan uwanmu mazauna Kano da Legas, da dattawanmu 'yan fanshon reluwe da suka cire daga ɗan abin da suke samu, da iyayenmu mata da suka yi ta jidar ruwa.

Sai dai har yanzu ƙofofin da tsohon kwano aka toshe su. Mai walda ya ce ƙofar ƙarfe biyu za su ci dubu 850. Ga daɓe da beraye suka haƙe, ga tsohon sikelin awo da muke son gyarawa a ajiye don 'yan makaranta. Daɓe da sikeli za su iya jira, ƙofa ba za ta jira ba, domin abin da ya yaye rufin farko yana nan ba a magance shi ba. Mai kuɗi ya kai wa ma'aji ya karɓi rasit, mai hatsi ya kawo a auna, kafin hadari ya fara haɗowa.