A Duba Kuɗin Fanshon da Ake Cirewa Ba a Turawa

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi kan wani lamari da ke ci wa ma'aikatan kamfanoni tuwo a ƙwarya.

Dokar fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikaci zai bayar da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10, sannan a zuba kuɗin a asusun ma'aikacin cikin kwanaki bakwai na aiki bayan biyan albashi. Amma a kamfanin da na yi aiki, an yi watanni ana cire nawa kason, ban gano cewa ko sisi bai shiga ba sai da na nemi bayanin asusuna.

Na san masu kamfanoni ma suna jin jiki, musamman tun da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, ga tsadar man dizal da wutar lantarki. Sai dai kuɗin da aka cire daga gumin ma'aikaci amana ce, ba jarin kamfani ba.

Don haka ina kira ga hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, da ta tsaurara bincike, ta kuma ci tarar da doka ta tanada, wato aƙalla kashi 2 cikin ɗari a kowane wata na abin da aka riƙe.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano