Wasiƙa ga Auta kan koyon aikin dajin ciki da hanji

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kana lafiya, da su Baba da Inna da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na kuma yi farin ciki da jin ka haye jarrabawar kashi na ɗaya ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Allah Ya sanya albarka. Tambayarka kan zuwa Ingila horo mai zurfi a fannin dajin ciki da hanji ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko, kada ka taso sai ka gama kashi na biyu. Wanda ya zo da shaidar kammalawa a hannu shi ake miƙa wa wuƙa a ɗakin tiyata. Wanda ya zo da rabin horo yakan ƙare a ɗakin kwanciya, yana bin sakamakon jini da rubuta takardar sallama, shekara ta wuce hannunsa bai ƙaru da komai ba.

Ba a taɓa majiyyaci a nan sai da rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Birtaniya. Ana samunta ta jarrabawar PLAB ta likitocin da suka yi karatu a waje, wadda kashinta na biyu a nan Manchesta ake yi, ko ta MRCS, jarrabawar kwalejojin tiyata na Birtaniya, ko kuma ta shirin MTI, inda wata kwalejin likitoci ke tsaya maka ka yi horo na wata 24 ka koma gida. Na ukun ya fi dacewa da kai, in har shirin na nan a buɗe lokacin da za ka nema. Turanci kuwa, jarrabawar IELTS maki 7.5 a jimla ba tare da wani sashe ya gaza 7 ba, ko OET da matakin B, kuma sakamakon shekara 2 kawai yake aiki. Takardar shaidar kyakkyawan hali daga MDCN, hukumar likitocin Najeriya, wata 3 take yi ta mutu, don haka ita ce ta ƙarshe da za ka nema. Tantance digirinka ta EPIC, tsarin tabbatar da sahihancin takardun likitoci, shi ke cin lokaci, da shi za ka fara. Mutane da yawa suna juya wannan tsari, sai wata takarda ta mutu suna jiran wata.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ba likita ɗaya ke yanke hukunci ba. Kowane mako ana zama: mai tiyata, likitan kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji), likitan gashi (gasa ciwon da hasken na'ura), mai karanta hoto, mai binciken tsoka, da nas ɗin da ke bin majiyyaci. A haska hoton CT da MRI a bango, a karanta sakamakon tsoka, a tsayar da matakin ciwon, sannan a ce ga abin da za a yi. Wannan zaman ba ya buƙatar dala ko ɗaya. Ɗaki ne da majigi da mutanen da suka yarda a yi musu gyara a gaban na ƙasa da su, kuma na ƙarshen nan shi ne mai wuyar samu. Ka lura da yadda ake tafiyar da shi fiye da yadda za ka lura da na'urar robot, wadda ba za ka same ta a inda za ka koma ba.

Inda nake so ka zuba ƙarfinka shi ne kyamarar leƙa ciki. Hukumar JAG, mai kula da ingancin wannan aiki a Birtaniya, ba ta ba da shaidar ƙwarewa sai ka yi aƙalla 250 na leƙa tumbi ta baki, da 280 na leƙa babban hanji ta dubura. Ba ƙidaya kaɗai ba ce: dole ka riƙa isa ƙarshen babban hanjin a kashi 90 cikin 100, kuma ka ɗauki aƙalla minti 6 kana janyo kyamarar, domin a fitowa ake gani, ba a shiga ba. Tsiron da ke zama daji yakan laɓe a bayan lanƙwasar hanji, mai gaggawa ya wuce shi. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne hanjin da bai wanku ba. A raba maganin wankin biyu, rabi da daddare rabi da asuba, ya fi a shanye shi duka dare ɗaya. In ka ga gyambon tumbi mai kama da daji, ka gutsuro tsoka aƙalla 6 don gwaji, daga gefe-gefe, don tsakiyar mataccen nama ne. Sannan ka zauna da masu wanke kyamarar ka koyi aikinsu: gwajin yoyo kafin a tsoma ta a ruwa, goge hanyoyin cikinta da buroshi, jiƙawa a magani, ɗauraya, busarwa, ratayewa a tsaye. Kyamarorinmu na gida yawanci ba tsufa ke kashe su ba, ruwa ne ke shiga ta ɗan tsagin da ba a gwada ba, ko wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona injin.

A tiyata, ka ƙware a dajin dubura, domin a wajenmu yana da yawa kuma yana kama mutane da sauran ƙuruciyarsu. Hanyar da Bill Heald ya bayyana a Basingstoke a 1982 ita ce ma'auni har yau: a ciro dubura da duk kitsen da ke kewaye da ita cikin fatarsa, sumul, ba tsagewa. In ka shiga cikin kitsen ka bar ƙwayoyin daji a ƙugu, ciwon ya dawo. In ka fita waje da yawa ka yanke jijiyoyin fitsari da na mazakuta, ko ka fasa jijiyar jinin da ke jikin ƙashin baya, wadda tsayar da ita aiki ne ja. Idan MRI ya nuna tazarar dajin da wannan fata ba ta wuce milimita 1 ba, gashi ake farawa da shi: ko gajere, Gy 25 (Gy shi ne ma'aunin gashin) cikin kwana 5, ko dogo, Gy 45 zuwa 50.4 cikin mako 5 zuwa 6 tare da ƙwayar capecitabine. Manomin da zai bar gona ya tafi Zariya ko Sakkwato don gashi, bambancin kwana 5 da mako 6 ba ƙarami ba ne a wurinsa, ka san lokacin da gajeren ya halatta.

Bayan an haɗa hanji, abin tsoro shi ne yoyon ɗinkin, kuma yakan bayyana tsakanin rana ta 3 da ta 7. Ba ya zuwa da hayaniya. Bugun zuciya ya haura 100, numfashi ya ɗan yi sauri, majiyyacin ya ce shi dai ba ya jin daɗi, CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi, ya wuce 150 ya ƙi sauka. Kada ka ce zazzaɓin cizon sauro ne ka rubuta magani ka tafi. Sababinsa uku ne galibi: jini bai isa bakin hanjin ba, an ja shi da ƙarfi kafin ya haɗu, ko majiyyacin ya rame ƙwarai kafin aiki.

Ga wani abu da ke ci mini rai. Ka yi awa 5 a tsaye ka ciro hanji tsaf, sai a cusa shi a kwalbar mayonis da ɗan fomalin da bai rufe shi ba, a miƙa wa ɗan'uwan majiyyaci ya shiga mota da shi. Kafin ya isa, cikin naman ya ruɓe. Fomalin mai kashi 10 ake so, yawansa ninki 10 na naman, a mazubi mai faɗin baki. Mai bincike ya ƙirga kaluluwa aƙalla 12 a dajin babban hanji, in ba haka ba matakin da aka ba ciwon abin shakka ne. A nan tun 2017 ake gwada kowane dajin babban hanji don gano na gado, wato ciwon Lynch, kuma gwajin ba ya yiwuwa a ruɓaɓɓen nama.

Kemo ba fanninka ba ne, amma ka san jigonsa. A dajin tumbi ana ba da haɗin magungunan da ake kira FLOT sau 4 kafin tiyata, sau 4 bayanta, mako biyu-biyu. Oxaliplatin, ɗaya daga cikinsu, na sa yatsu su mutu su daina ji, sanyi na tsananta shi, ka gargaɗi majiyyaci kan ruwan randa da na firij.

Jakar bayan gida da ake maƙala wa majiyyaci a ciki bayan an fito da bakin hanji ta fata kuwa, a wajenmu ita ke sa mutum ya gudu daga asibiti ya koma wurin mai magani. A yi alamar wurin kafin tiyata, majiyyaci na zaune da tsaye da sunkuye kamar mai ruku'u, nesa da mazagin wando. A haɗa shi da malamin da zai yi masa bayanin hukuncin mai lalura a alwala da salla. A kuma tabbatar da inda zai riƙa samun jakar kafin a yanka, ba bayan an sallame shi ba.

Dajin hanta yawanci yakan zo mana bayan wuƙa ta daina amfani, tushensa kuma ciwon hanta nau'in B ne da gubar gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. Don haka ka faɗa wa Inna, in amaryar gidanmu ta sauka lafiya, a yi wa jaririn allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24, kada a jira suna. Duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar a gida, ka duba ko ya kai a sa shi kan maganin tenofovir da hoton hanta duk wata 6.

Inna ta ce basir ya dami Kawu wata shida, yana zubar da jini, ya sha jiƙe-jiƙe har ya gaji. Ka je da kanka, ka sa safar hannu ka duba shi da yatsa, kunya ba ta taso ba. Ko ba ka ji komai ba, a shekarunsa sai an leƙa hanjin gaba ɗaya. Ka sanar da ni abin da ka samu, ka kuma turo mini hoton littafin da kake rubuta tiyatocinka in duba kafin ka nemi gurbi.

Ka gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Yayanka