Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Masu Jiran Shari'a Da Lauyoyin Da Ke Tsaya Musu Kyauta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ya ɗora maka. Ni ba lauya ba ne, ba ni kuma da ƙungiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da ya faru a layinmu, wanda har yau ya kasa barin zuciyata.

Ina da maƙwabciya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, da tuyar awara take riƙe gidan. Babban ɗanta yana zaman shagon cajin waya. Wata rana da magariba aka yi ƙwacen waya a bakin titi aka ji wa mai wayar rauni, washegari aka zo kame, aka kwashi samarin da aka tarar a wurin, har da shi. Ranka ya daɗe, ba na ganin laifin jami'an tsaro don sun tashi tsaye a kan ƙwacen waya. Mun rufe gawarwakin mutanen da aka kashe saboda waya a garin nan, kuma duk mai hankali yana son a kawo ƙarshen abin. Amma yaron nan da aka kai shi gaban majistare, abin da aka rubuta a takardar tuhumarsa shi ne haɗa baki da fashi da makami. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, ba zai kuma ba da beli ba. Sai ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali har shawarar ma'aikatar shari'a ta fito.

Wata goma sha ɗaya ana jiran shawarar nan. Uwar ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayar da akuyar da take kiwo, kuɗin suka tafi wajen masu cewa sun san wani da ya san wani. Duk ranar ziyara za ka gan ta da sassafe ta ɗaure kwanon tuwo a ɗankwali, ga ƙullin garin kwaki da sabulu a leda, tana tsaye tana jiran a-daidaita-sahu. Idan ta dawo ba ta cewa komai, sai dai ka ji ranar ba a kunna wutar awara ba.

Wadda ta fito da shi wata matashiyar lauya ce daga cikin ƙungiyoyin nan masu zaman kansu da ke zagaya gidajen yari. Ta tarar da sunansa a jerin waɗanda suka daɗe, ta bi sawun fayil ɗinsa, sai ta gano ashe bai ma taɓa isa teburin da ake jiran shawara daga gare shi ba. Yana nan inda aka bar shi tun farko, ba a kwafe shi an tura ba. Da kuɗin aljihunta ta biya aka kwafa, ta bi shi da ƙafarta. Cikin mako uku shawara ta fito cewa babu hujjar tuhumarsa. Ko sisi ba ta karɓa ba. Da uwar ta kai mata ƙullin gyaɗa don godiya, sai ta ɗebi kaɗan ta mayar mata da sauran, ta ce a kai wa ƙannensa.

Na yi murna, amma daga baya tsoro ya kama ni. Da lauyar nan ba ta shiga gidan a wannan makon ba fa? Da idonta ya tsallake sunansa fa? 'Yancin ɗan Kano bai kamata ya rataya a kan sa'a irin wannan ba.

Kuma ba doka ce babu ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ta ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawara bayan fayil ya iso hannunsa, sashe na 34 kuma ya ɗora wa majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata ya duba waɗanda ke tsare. Kano ta yi tata irin wannan doka a 2019. Duk da haka, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Gidajen na tarayya ne, gandirobobin ma na tarayya ne, amma mafi yawan waɗanda ke ciki laifin jiha ake tuhumarsu da shi, kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'a ta jiha suke jira. Shi ya sa kai na rubuto wa, ban rubuta Abuja ba.

Akwai Hukumar Ba Da Agajin Lauya ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 aka kuma sabunta dokarta a 2011. Suna bakin ƙoƙarinsu, amma lauyoyin da suke da su ba za su iya ɗaukar jiha mai ƙananan hukumomi 44 ba, daga Doguwa har Kunchi. Giɓin da ya rage ƙungiyoyi ne ke cike shi. FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, tana tsaya wa matan da aka sako ba ciyarwa da waɗanda aka danne wa gado. Cibiyar Isa Wali da Hajiya Maryam Uwais ta kafa a nan Kano ta horar da mutanen gari su san doka gwargwadon da za su nuna wa mace ko marainiya ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. PRAWA, ƙungiya mai kare haƙƙin fursunoni, tun 1994 take aiki a kan halin da fursunoni ke ciki. Ga lauyoyin NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, da ke ɗaukar shari'u kyauta, ga ɗaliban koyon lauya na Jami'ar Bayero da ke fita aikin sa-kai ƙarƙashin malamansu. Waɗannan mutane aikin gwamnati suke yi, aikin da tsarin mulki ya ɗora wa hukuma, amma sau da yawa sai sun yi ta roƙo kafin a buɗe musu ƙofar caji ofis.

Na san maganar da ake yi a majalisu: 'yan ƙungiya kuɗin Turawa suke ci, aƙidar wasu suke shigo mana da ita. Ba zan ce duka tsarkaka ne ba. Akwai waɗanda aikinsu ya tsaya a taron otal da ɗaukar hoto, kuma ya dace a bambance su da masu aikin gaske. Amma a tuna shari'ar Amina Lawal a Katsina, matar da aka yanke wa hukuncin jifa bisa tuhumar zina. WRAPA, ƙungiyar kare haƙƙin mata wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, tana cikin waɗanda suka tsaya mata, kuma lauyoyin da suka kare ta da hujjojin fiƙihun Malikiyya suka yi magana, a gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, ita ce kuma ta wanke ta a watan Satumba na 2003. Ba a fita daga Shari'a ba, cikinta aka shiga aka nemo wa mai rauni haƙƙinta. Tsaya wa wanda ba shi da gata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya rubuta wa Abu Musal Ash'ari ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisinsa da hukuncinsa, don kada babba ya sa ran za a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai daga adalci. Yau a Kano wanda ba shi da lauya ya riga ya fid da rai tun kafin a kira sunansa.

In ma kuɗin waje ne abin damuwa, ai yana ƙafewa. Tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025 ta kuma rushe USAID, hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, ƙungiyoyi da dama a ƙasar nan suka rage ma'aikata. Idan ba ma son baƙo ya biya kuɗin kare 'ya'yanmu, to mu biya da kanmu.

Mai Girma Gwamna, kai ka ga amfanin wannan aiki da idonka. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yaranmu da aka kama lokacin zanga-zangar watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan kusan wata uku a tsare. Duniya ta ga yadda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, ta ji an sa belin kowanne a kan naira miliyan 10. Lauyoyi da ƙungiyoyi suka yi ca, aka janye tuhuma, kai da kanka ka je ka karɓo su. Mun yaba maka. Sai dai su Allah ya sa kyamara ta kama su. Akwai irinsu a gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse da babu wanda ya ɗauki hotonsu.

Ba na raina afuwar da ake yi lokacin azumi da sallah, ko zagayen da Babbar Jojin Jiha ke yi tana sallamar waɗanda suka daɗe. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni don biyan tarar fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa. Alheri ne babba. Amma ana kwashe ruwa ne alhali indararo na ci gaba da zuba, kafin wata shida ɗakunan sun sake cika. Inda ya kamata a tare shi ne ranar farko, a caji ofis, kafin a rubuta wa yaro tuhumar da za ta cinye masa shekara.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin jihar nan ba. Tun 2017 rundunar 'yan sanda ta amince da tsarin da ke ba lauya damar zama a ofisoshinta ya gana da wanda aka kama, amma tsarin ba ya tafiya sai da kuɗin mota da ɗan alawus. Jiha ta ware asusu a kasafin kuɗi, ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da Hukumar Agajin Lauya da NBA da ƙungiyoyin da aka tantance, a fara da ofisoshin 'yan sanda na cikin birni, sannan a faɗaɗa. Kuɗin su fita a bayyane, kowace ƙungiya ta kawo lissafin mutum nawa ta tsaya wa da yadda aka ƙare. Wadda ta kasa, a cire ta.

Sai batun fayil, wanda shi ya fi ci min rai. A ƙara lauyoyi a ma'aikatar shari'a, a ba su kayan aiki, a buɗe rajista guda wadda duk wanda aka tura gidan gyaran hali za a shigar da sunansa da ranar da aka kai shi da inda fayil ɗinsa yake. Duk wata a ɗora wannan jeri a teburin Kwamishinan Shari'a, a kuma bai wa ƙungiyoyin nan damar gani. Bai dace a ce kuɗin kwafin takarda ne ya tsaya tsakanin mutum da gidansu ba. Majistarori kuma a ba su abin hawa da mai domin ziyarar wata-wata ta zama gaske.

A ƙauyuka matsalar ta fi ta birni, domin a can mutum kan rasa gonarsa ko mace ta rasa gadonta ba tare da ta san akwai inda za ta kai kuka ba. Ba sai an kai lauya kowane gari ba. A horar da mutum biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, mata da maza, irin horon da ƙungiyoyin nan suka riga suka gwada, a haɗa su da hakimai da dagatai da Hisba, a ba su lambar lauyan da za su kira idan abu ya fi ƙarfinsu.

Ɗan maƙwabciyata ya dawo gida, amma shagon an ba wani, kuma har yanzu akwai masu nuna shi da baki. Da na je yi masa barka ya faɗa min cewa a ɗakin da ya zauna ya bar wani dattijo da rikicin gona ya kawo, wanda ya riga shi shiga, kuma babu mai zuwa ziyararsa. Ya ba lauyar sunansa, ta rubuta a littafinta, ta ce akwai mutum fiye da talatin a gabansa amma za ta kai gare shi in Allah ya yarda. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka kira su ka zauna da su, ka ji abin da suke gani a ciki, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani mazaunin birnin Kano