Zuwa ga Ummi, kan littattafan da ke cikin wayarki

Assalamu alaikum Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin Zariya? Mu nan lafiya lau muke. Babanku yana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda maganar ta fi ƙarfin katin waya. Ranar da Gwaggonku ta tarar da ke kina ƙyalƙyala dariya ke kaɗai da waya a hannu, ta ce a karɓe wayar tun littattafan Turawa ba su lalata ki ba, ban ce uffan ba, domin yayar babanku ce. Na lura tun daga ranar kike ɗari-ɗari da ni har kika koma makaranta. To ki saki ranki. Ban hana ki karatun nan ba, ba kuma zan hana ki ba.

Fargabar Gwaggo ba yau aka fara ta ba. Muna 'yan mata littattafan soyayya na Hausa suka cika kasuwannin Kano, ana sayarwa ana ba da haya, littafi ɗaya sai ya zagaye ɗakin kwanan ɗalibai kaf har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare a ci gaba. Malamai suka yi ta wa'azi a kansu, masana suka yi ta ja-in-ja a jaridu, har a 2007 gwamnatin Kano ta tara wasu ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Amma ni ganau ce, na san matan da aka cire daga firamare aka yi musu aure, ba abin da ya riƙe musu karatun boko sai waɗannan littattafai. Tun 1980 Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa, wadda ita kanta an raba ta da aji an aurar da ita tana ƙarama, da labari ta faɗi abin da mata ke haɗiyewa: auren dole, saki ba dalili, wulaƙancin miji idan ya yi amarya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ce wa 'yarsa labarin soyayya duk shirme ne ba.

Littattafan soyayya masu ban dariyar nan da kike so, ba ni da ƙorafi mai yawa a kansu. Wanda kika ba ni labari muna tsinkar zogale, na mutum biyu da suka shirya soyayyar ƙarya don dangi su ƙyale su da zancen aure, ƙarshe ta zame musu gaskiya, ni ma na yi dariya. Akwai abu mai kyau a irinsu da nake so ki riƙe. Namijin cikinsu yakan saurara. Yakan tuna ƙaramin abin da ta faɗa wata uku baya. Idan ta yi abin kunya a cikin mutane, tare suke dariya, ba shi ne zai fara yi mata ba. Kada ki raina wannan, Ummi. Gidan da mata da miji ke iya dariya tare, ko ranar da ba cefane, gida ne mai albarka. Sai dai ki tuna marubutan nan yawancinsu 'yan Amurka da Ingila ne, rayuwarsu suke rubutawa. Zaman saurayi da budurwa ɗaki ɗaya ba aure, da giya a kowane shafi, a wurinsu ba abin magana ba ne. Ke kin san gidan da kika fito da addinin da kike bi, ba sai na tsawaita ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne ɗaya nau'in, na sarakunan aljanu da dodanni masu fuka-fuki masu aman wuta, wanda TikTok ya yayata wa 'yan matan duniya. Ba aljanun ne suka dame ni ba. Mu da muka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, littafin da ya fito tun 1934, muka kuma kwana da labaran Dare Dubu da Ɗaya, ai ba za a tsorata mu da aljani a takarda ba. Namijin da ke cikin labaran ne ya dame ni.

Kin tuna tatsuniyar da Inna take yi muku, ta yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo? Samarin garinsu duk ta kore su. Sai ga baƙo kyakkyawa, jiki sumul, ba wanda ya san asalinsa. Ta ce shi take so. Aka ɗaura aure, ya ɗauke ta suka nausa daji, a can ya rikiɗe ya koma dodo. Kakanninmu sun tsara labarin ne don yarinya ta ji tsoron kyan da ba a san tushensa ba. Littattafan yanzu sun juya tatsuniyar nan baibai. Da dodon ake farawa: mai zafin rai, mai izza, ya tsare ta a fadarsa, ya hana ta fita, ya yi mata barazana, duk namijin da ya kalle ta ya ga ta kansa. Sannan a hankali son ta ya narkar da shi ya zama miji na gari. Kuma kada ki ce Turawa ne kawai. Na Hausa da ake turawa a WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, da waɗanda ake karantawa a YouTube, cike suke da ɗan'uwansa: miskilin attajiri, ko Yayan gida da aka haɗa su aure, ba ya amsa gaisuwarta, ya daka mata tsawa, ya wanke ta da mari har bakinta ya fashe, can wajen ƙarshe sai ga shi durƙushe a bakin gadon asibiti yana hawaye yana neman gafara, masu karatu kuma suna ta murna.

Ki san abu ɗaya game da yadda ake gina irin wannan littafi. Ƙa'idarsa ce ya ƙare da farin ciki; tun zamanin kamfanin buga littattafan soyayya na Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, abin da mai saye ke biyan kuɗi dominsa ke nan. Saboda haka mutumin nan ba hali ya sauya ba, marubuciya ce ta sauya shi, don alƙalami yana hannunta kuma shafuka sun kusa ƙarewa. A gidan aure babu mai riƙe da alƙalamin. Na zauna da matan da suka shiga da wannan fata, suna cewa zai canza idan ya ga irin son da nake masa. Wata ƙawata shekara da shekaru tana jira, da hoda take rufe shatin yatsu kafin ta fito biki. Hali zanen dutse ne. Namijin da ya wulaƙanta ki yana neman aurenki, ba ranar da ya same ki zai fara mutunta ki ba.

Abin da nake tsoro shi ne sabo. Idan zuciya ta karanta sau da yawa cewa kishi mai tsanani so ne, bin diddigin waya kulawa ce, shiru da ɗaure fuska kwarjini ne, to ranar da yaro mai natsuwa ya zo, mai sallama da murmushi, wanda aka san gidansu da sana'arsa, sai ki ji bai burge ki ba. Haka zancen da suke yawan yi, wai an halicci wane don wance, da sun haɗa ido shike nan ba tambaya. Mun yarda da ƙaddara, amma addininmu bai ɗauke mana bincike da shawara da istihara ba. Idan lokacinki ya yi, babanku da kawunnanki za su je unguwarsu su tambaya: ya yake da mahaifiyarsa, ya yake da bashi, ya yake idan ransa ya ɓaci. Ina so ranar ki zama kina tare da mu.

Don haka ga roƙona. Ki karanta, ki ji daɗinki, amma idan kin kai inda jarumin ya yi wani abu, ki tsaya ki tambayi kanki: da ƙanwata Auta aka yi wa haka, zan kira shi so? Idan amsar a'a ce, ki ci gaba da labarin in kina so, amma kada ki bar shi ya shige miki zuciya.

Sauran kaɗan ne. Da yawa daga cikin na aljanun nan don manya aka rubuta su, akwai batsa tsirara a ciki, wasu na Hausar ma sun bi sahu. Kin isa ki gane shafin da ba za ki so in leƙo ina bayanki ba. Irin wannan littafin ki ajiye shi gaba ɗaya, masu tsabta suna da yawa. Kada kuma babi ɗaya ya ja wani har asuba ta kuɓuce miki ko ki shiga aji kina gyangyaɗi. Idan marubuciya ta sa kuɗi a littafinta, ki biya, kada ki karɓi wanda aka sato ana rabawa, guminta ne kuma haƙƙi ne.

Na kuma ga 'yan rubuce-rubucen da kike yi a bayan tsohon littafinki na sakandare, hannunki yana da daɗi. Sashen Hausa na BBC yana shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai tun 2016, mata da yawa ta nan aka san su. In kin samu sarari bayan jarrabawa ki gwada, zan so in zama ta farko da za ta karanta.

Na ba direban da ya saba kawo miki saƙo garin kunu da yaji da kuɗin da kika ce na takardu. Ki kira ni idan sun iso. Ki gaishe da abokan ɗakinki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare min ke, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Mahaifiyarki,
Umma