Wasiƙar Godiya ga Kamfanin Tsuburaya, Masu Shirin Ultraman

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Tsuburaya Productions, Tokyo, ƙasar Japan.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ni mahaifin wani yaro ne mai ciwon sikila, daga Zariya a Najeriya. Na san da wuya wannan takarda ta isa teburinku, balle a samu mai karanta muku Hausa. Duk da haka na rubuta ta a fili, don a wurinmu wanda aka yi wa alheri ya yi shiru, butulu ake kiransa.

A shekarar 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, kuka riƙa ɗora shirin Ultraman Z, na wani ƙaton jarumi mai yaƙi da dodanni, a YouTube kyauta, duk ranar Asabar, da fassarar Turanci a ƙasan allo. Japan na gaba da mu da awa takwas, saboda haka kafin mu idar da sallar asuba sabon kashi yana nan yana jiranmu. Ɗana yana da shekara bakwai a lokacin. Bai iya karanta Turanci da sauri ba, ni ke zama kusa da shi ina juya masa zuwa Hausa, wani wurin daidai, wani wurin da ƙarin gishiri. Da farko don in samu ya zauna wuri ɗaya nake yi, ina ƙunƙunin kuɗin data. Kafin shirin ya kai rabi, ni ke tashinsa.

Abin da na fi son gode muku a kai ƙarami ne, wato fitilar nan da ke ƙirjin Ultraman. Shuɗiya ce idan yana da ƙarfi. Da ƙarfin ya fara ƙarewa sai ta koma ja, tana ƙiftawa tana ƙara, domin kamar minti uku kawai yake iya ɗauka yana faɗa a doron ƙasa. Ƙato ne mai tsayin mita arba'in, amma yana gajiya a gaban kowa, yana durƙusawa, yana dafa ƙirji.

Wanda bai yi renon mai sikila ba ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Yaran nan sun ƙware wajen ɓoye ciwo, don sun san da zarar sun faɗa, an soke wasa, an kama hanyar asibiti, mahaifiya ta shiga damuwa. Nawa sai ciwon ya ci ƙarfinsa muke ji, a lokacin kuma sai allura da ƙarin ruwa. Wata safiya cikin hunturun shekarar, muna karyawa da koko da ƙosai, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Abba, fitilata ta fara ja." Ban gane ba sai da ya nuna mini gwiwarsa. Ranar muka fara ba shi magani da ruwa mai yawa tun ciwon bai kankama ba, muka lulluɓe shi, muka je asibiti da ƙafafunmu ba a guje ba. Tun daga nan kalmar ta zauna a gidanmu. Har nas ɗin da ta saba da shi takan leƙo ta ce, "Yau shuɗi ne ko ja?" Abin da likita da iyaye suka yi shekaru suna roƙonsa ya riƙa faɗa, ya faɗe shi ba kunya, tunda jarumin da yake ƙauna ma tasa takan yi ja.

Daga baya na samu labarin cewa Tohl Narita, mai zanen da ya fitar da siffar Ultraman, bai sa wannan fitila a zanensa na asali ba, kuma bai so ƙarin da aka yi ba. Shi ya sa fim ɗin Shin Ultraman na 2022 ya fito da jarumin ƙirji fayau, don girmama shi. Na yarda ya fi kyan gani a haka. Amma da za a tambaye ni, ina bayan wanda ya maƙala fitilar.

Da muka gama Z, ƙanina ya samo mana shirin farko, wanda aka fara nunawa ranar 17 ga Yuli, 1966, mai kashi 39. Na ɗauka yaron zamani zai raina shi, tunda gidajen da dodanni ke rushewa ana ganin ƙananan kwaikwayo ne. Ashe a nan kukan yake. A kashi na 23 akwai dodon da ake kira Jamila, sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu mata. Asalinsa mutum ne, ɗan sama jannati da ƙasarsa ta tura sararin samaniya, ya ɓace, aka rufe maganar don gudun abin kunya. Ya rayu a duniyar da ba ruwa har halittarsa ta canza, ya dawo ɗaukar fansa. Da ruwa Ultraman ya kashe shi, yana jan ciki cikin taɓo a gaban tutocin ƙasashen duniya, yana wani irin kuka. Ɗana bai yi tafi ba. Ya juyo ya tambaye ni me ya sa ba wanda ya je ɗauko shi tun farko. Na rasa amsa. Ƙanwarsa kuwa kwana biyu ta yi tana fushi da Ultraman.

Sai kashin ƙarshe, inda dodo Zetton ya kayar da shi, fitilar ta mutu, mutane ne da makaminsu suka gama da dodon. Da Zoffy, wani jarumi daga duniyarsu, ya zo mayar da shi gida, Ultraman ya roƙi a bar wa Hayata ransa, mutumin da suke tarayya a jiki ɗaya. Na ga yaro ya ja bargo ya rufe fuska. Mahaifiyarsa ta ce mini wannan abin ya fara yawa, kada ya ɗauki almara gaskiya. Maganarta na kan hanya, don haka na zaunar da shi na gaya masa cewa Allah ke ba da lafiya, wannan kuwa mutum ne cikin rigar roba, sunansa Bin Furuya, yana leƙen hanya ta 'yan ƙananan ramuka. Na zaci ƙaunar za ta ragu. Sai ya yi shiru, can ya ce, "To shi ma yana jin zafi a ciki ke nan." Ya ƙara mutum ɗaya cikin waɗanda yake tausayi.

Na kuma ji daɗin sanin cewa ba a kan allo kuka tsaya ba. Eiji Tsuburaya, wanda ya kafa kamfaninku a 1963, ɗan garin Sukagawa ne a lardin Fukushima. Da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa yankin a watan Maris na 2011, kun kafa gidauniyar Ultraman, kuna kai jaruman nan wurin yaran da bala'i ya shafa, su gaisa hannu da hannu. Na nuna wa ɗana hotunan. Ya daɗe yana kallon wani yaro da ya rungume ƙafar jarumin.

Yanzu ɗana ya girma, ya fara jin nauyin a ce yana kallon shirin yara. Amma lokacin shirin Ultraman Blazar a 2023, da ya ga jarumin magidanci ne mai mata da ɗa, ya ce wannan na iyaye ne irina, ya bar mini shi. Kalmar fitila kuwa tana nan, har ƙanwarsa takan ara idan ba ta son wanke-wanke.

Roƙona ɗaya ne. Ku ci gaba da barin ƙofar YouTube a buɗe ga waɗanda ba su da katin biyan kuɗin kallo. A gaishe da masu shiga rigunan nan cikin zafi, da masu gina ƙananan gidajen da ake rushewa cikin daƙiƙa biyar.

Na gode ƙwarai.

Naku,
Wani mahaifi daga Zariya