Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni wa bam ɗin da ba a jefa ba ya kashe

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Lahadi ka bugo waya a shirin rediyo ka tambaye ni, duniya na ji: tun da aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam a 1945 ba a sake jefa wa wani gari ba, to don me nake ta cewa makaman ƙare dangi suna kisa har yau? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Kai kana fara ƙirga mamata ne daga ranar da bam ya tashi. Ni daga ranar da aka sara diga a ƙasa don tono yuraniyom, ma'adinin da ake ƙera bam ɗin da shi, nake farawa.

Akwai wata al'umma a yammacin Amurka da ake kira Nabaho, 'yan asalin ƙasar ne, makiyayan tumaki. Daga 1944 zuwa 1986 an haƙi kusan tan miliyan 30 na dutsen yuraniyom a ƙasarsu, kuma shekaru da dama gwamnati ce kaɗai mai saye, don ƙera bam. Mazajensu suka shiga ramuka babu fankar fitar da iska, babu abin rufe hanci, suna shaƙar radon, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ta zauna a huhu tana ci sannu a hankali. Da ƙurar a jikin tufafinsu suke komawa gida, matansu su wanke. Wasu ma da duwatsun da aka zubar a bakin rami suka gina ɗakunan kwana, don ba wanda ya ce musu guba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an sani. Likitoci sun daɗe da ganin sankarar huhu tana ƙarar da mahaƙa irin wannan dutse a Turai. A 1950 hukumar lafiyar Amurka ta fara bin diddigin waɗannan mahaƙa, tana auna su tana rubutawa, amma ba ta gaya musu abin da take tsoro ba. Sai 1990 aka yi dokar biyan diyya, dala dubu 100 ga mahaƙi ko iyalinsa. Nan ma aka ce wa zawarawa su kawo takardar shaidar aure, alhali da yawansu auren gargajiya aka ɗaura musu. Ka tuna da kakarka, a ce sai ta nuna takarda kafin a yarda matar kakanka ce. Har yanzu akwai ramuka fiye da 500 da aka yi watsi da su a ƙasar Nabaho.

Inda ake dafa gubar ma bai tsira ba. A masana'antar Hanfod ta Amurka aka sarrafa yuraniyom aka samar da sinadarin fulutoniyom na bam ɗin Nagasaki, kuma yau galan miliyan 56 na dagwalon nukiliya na kwance a tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa kusa da kogin Kolombiya, fiye da 60 ana kyautata zaton sun yi yoyo. Tarayyar Sobiyat kuwa daga 1949 masana'antarta ta fulutoniyom, Mayak, ta yi shekaru tana tuttula nata a kogin Teca, ƙauyuka na sha suna wanki. Da tanki ya fashe a can a 1957 an kwashe mutum wajen dubu 10, aka rufe bakin kowa fiye da shekara 30.

Kada ka ce wannan labarin nesa ne. Mafi yawan yuraniyom ɗin bama-baman farko daga Shinkolobwe ta Kwango aka tono shi, da hannun baƙar fata. Hukumar da ta ƙera wa Faransa bam ita ce ta gano yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, inda 'yan'uwanmu daga Tawa da Maraɗi da Damagaram suka tafi neman abinci. Gaskiya ne akasarin na Arlit wutar lantarki ya tafi haskawa, ba zan ɓoye maka wannan ba, amma huhun mahaƙi bai san inda za a kai kayan ba. Tun 2003 masu bincike suka tarar da ƙarafa masu tururin nukiliya ana sayarwa a kasuwar garin. Da kamfanin Cominak ya rufe a watan Maris na 2021, ya bar tulin dattin tace yuraniyom kimanin tan miliyan 20 kusa da Akokan, a ƙasar da iskar hamada ba ta hutawa.

In kana da wani dattijo a unguwarku da ya yi aiki a Arlit, ka je ka gaishe shi, ka zauna. Ka tambaye shi su wa suka shiga rami tare, nawa suka rage, kuma wane ciwo ne ya ɗauke sauran. Ka rubuta sunayen, ka bugo mini ranar Lahadi.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.